Ranar da Na Tuna wa Mahaifina Sunan Babban Hafsa

Shekarun baya can, lokacin da Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, na dawo gida daga kwalejin horon malamai da takardar shaida a hannu, da kuma wani irin ji da kai wanda har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Aka ba ni aji a wata sakandare ina koyar da tarihi. Fararen riguna biyu gare ni, da biro uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, kuma a ganina duk abin da ba a rubuta a littafi ba hira ce kawai.

Mahaifina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa, ya kai muƙamin saje, sannan aka sallame su lokacin da aka rage yawan sojoji bayan yaƙin. Ya dawo gidanmu na unguwar Majidaɗi ya kama noma da ɗan kiwon tumaki. Bai yi boko ba, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. In ka zauna da shi wuni guda, da ƙyar za ka tattara maganar da ta cika tafin hannu. Amma akwai abu guda da duk tsoffin sojojin garin suka san shi da shi, kuma da shi yake tinƙaho ko da bai taɓa faɗa ba.

Duk shekara, ranar da ake tunawa da 'yan mazan jiya, in an gama faretin hukuma, tsoffin sojojin nan sukan koma wata rumfa tasu a unguwar Yelwa su yi nasu taron. Kafin a ci abinci sai mahaifina ya miƙe, ya ƙame, ya jero sunayen duk waɗanda suka taɓa riƙe kujerar babban hafsan sojojin ƙasa, tun daga na farko har zuwa mai ci, da ka, ba takarda. Yakan fara daga Turawa, waɗanda sunayensu suka sha wuya a bakinsa har da iyayensu mata za su ji ba za su gane 'ya'yansu ba. Sai ya gangaro kan baƙar fata na farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da cikakken muƙaminsa da 'yar gajeriyar magana a kansa: wannan a zamaninsa aka canza kaki, wannan daga kujerar ya wuce ya mulki ƙasa, wannan a rediyo ya ji an sauke shi. Yakan ce sunan muƙamin ma an sha canza shi tun zamanin Turawa, amma kujerar dai ita ce.

Ba ya tsallake mutum don ba ya son shi. Har wanda a zamaninsa aka sallami mahaifin nawa daga aiki, alhali bai shirya barin kaki ba, yakan kira shi da girmansa. A waɗannan shekarun kuwa kujerar ba ta ɗumi. Wani ma kafin bakinka ya saba da sunansa an ɗauke shi an kawo wani. Duk sanda rediyo ya faɗi sabo, sai ka ji mahaifina a garke yana zuba wa tumaki dusa yana maimaita sunan a hankali har ya zauna masa.

Ni kuwa ban taɓa zuwa taron ba. Makarantar kwana ta cinye ƙuruciyata, daga nan kwaleji, kuma ko ina gari ma ban ɗauki abin da daraja ba. Lokacin mutane sun gaji da mulkin soja. A ofishin malamai, in mun leƙa mun ga ba baƙon ido, muna cikin masu rage murya mu yi ta caccakar masu kaki. Saboda haka abin yakan ɗan ba ni kunya, a ce mahaifina ne ke tsayawa gaban jama'a yana jero sunayen mutanen nan kamar mai karanta salsalar malamansa. Sau ɗaya na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa yake yabon waɗanda suka danne ƙasa. Bai ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba.

Ya ce, "Ba yabonsu nake yi ba, Malam. Waɗanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane nake lissafawa."

 Na tafi ina ce wa kaina tsofaffi haka suke.

Ana saura kamar mako uku taron wannan shekarar, sai sakataren ƙungiyar tsoffin sojojin ya same ni a makaranta. Sabon zuwa ne Jalingo, kafa jiha ce ta kawo shi, mutumin kudancin jihar, wanda ya yi akawu a soja har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsafta da son tsari, kuma in faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Ya ce mini bana abin ya girma, domin gwamnan soja zai aiko wakili, an kuma yi hayar lasifika. Ya roƙe ni in duba littattafaina in buga masa jerin manyan hafsoshin nan a tafireta. Sai kuma ya ja kujera ya matso, ya ce akwai maganar da ba ya son ta fito daga bakinsa amma dole. Bara, wadda ita ce shekararsa ta farko a taron, ya ga mahaifina ya kai wani wuri ya tsaya cik, ya daɗe shiru, sannan ya tsallake suna ɗaya ya ci gaba. Ya ce shi da wasu matasan 'yan ritaya suna ganin lokaci ya yi da za a riƙa karantawa daga takarda, a bar tsoho ya huta. In aka sake haka a gaban babban baƙo, ya ce, ba shi da bakin kare shi.

Na ji haushi, na kuma ji tsoro. Haushin na cewa wani baƙo ne zai zo ya ce kan mahaifina ya fara yoyo. Tsoron kuwa na cewa wataƙila gaskiya ya faɗa. Na san abin da tsayuwar nan take a wurin tsohon. Gona ba ta ba shi suna ba, tumaki ma haka. A unguwa shi ba kowa ba ne illa dattijo mai gaisuwa a taƙaice. Rana ɗaya ce tak a shekara da manyan mutane ke yin tsit don shi zai yi magana, kuma ita ce ake shirin karɓewa.

Na buga jerin, kwafi biyu, na ba sakatare ɗaya na riƙe ɗaya. Da yamma, in mahaifina ya zauna a tsakar gida yana goge takalmin faretinsa yana bitar sunayen, sai in laɓe a zaure ina bi da yatsa a kan takarda. Wallahi bai kuskure ko ɗaya ba, har Turawan, in ka yafe masa lafazi. Amma da ya iso tsakiyar shekarun yaƙi sai ya tsaya. Burushin ma ya tsaya a hannunsa. Can sai ya kira na gaba ya wuce. Na ce ko tsautsayi ne. Kashegari haka, jibi ma haka, a daidai wuri ɗaya. 

Mai hankali da ya je ya tambaya. To amma ni da mahaifina ba mu saba doguwar magana ba, kuma ban san ta inda zan fara ce wa mutum irinsa ya manta karatunsa ba. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Sai na zauna na ƙulla dabarata ni kaɗai, ina jin daɗin kaina. Tunda shi ƙamewa yake yi hannuwa a gefe, dole wani ya riƙe masa makirfo. Na je na ce wa sakatare ni zan riƙe. In ya iso wurin ya tsaya, sai in raɗa masa sunan a kunne, ya ɗauka ya ci gaba, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A lissafina na ceci mutuncin gidanmu ke nan.

Ranar taro rumfar ta cika har waje. Tsoffin sojoji ne iri-iri, Mumuye da Jukun da Fulani da Tibi da waɗanda aiki ya kawo daga nesa suka ƙi komawa, wasu da tsohon kakin da ya daina rufe musu ciki, wasu da babbar riga an maƙala lambobin yabo a ƙirji. Akwai mai ƙafa ɗaya, akwai wanda jikarsa ke ja masa sanda. Wakilin gwamna wani matashin manjo ne, takalminsa na ɗaukar ido, aka zaunar da shi a kujerar kushin ɗaya tilo da aka aro daga maƙwabta. Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, aka yi jawabai, sannan aka kira mahaifina.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Mutumin da na sani da ɗan ranƙwafawa ya miƙe sambal, ya buga ƙafa, har ƙasa ta amsa. Muryar da ta fito ba wadda yake kiran tumaki da ita ba ce. Ya fara jerowa, lasifika na kai wa har bakin titi, masu wucewa da kekuna suna tsayawa. In ya kira wani sai ka ji gunaguni na yarda daga tsofaffin, in ya kira wani kuma sai ka ji an yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ni ina gefensa, makirfo a hannun dama, takardata a naɗe a tafin hagu, ina bi da ido layi-layi muna matsowa wurin.

Ya iso, ya tsaya.

Na ba shi ɗan lokaci, ko Allah zai kawo masa. Shiru. Na karkata na raɗa masa sunan. Ko gezau. Na ce bai ji ba, tsufa ya taɓa kunnen ma. Na ƙara matsawa na maimaita da ɗan ƙarfi. Har yanzu idonsa na kallon gaba, ko ƙiftawa ba ya yi. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, na ga kamar duk duniya ta zuba mana ido, na ga sakatare yana gyara zama. Sai na buɗe baki na faɗi sunan a karo na uku, da muƙami da komai, na manta sarai cewa abin da ke hannuna ba sanda ba ne. Lasifika ta ɗauka ta watsa har bakin titi.

Na ji numfashin mahaifina ya canza. Bai juyo ba, bai kuma maimaita abin da na faɗa ba. Ya kira na gaba, ya bi sauran har zuwa mai ci, ya sara, ya buga ƙafa, ya koma ya zauna. Amma muryar ta riga ta sauka, kuma 'yan maganganun da yake yi a kan kowane suna duk ya bar su, sunaye kawai ya jero kamar mai sauri ya kai gida.

Manjon nan, da kyakkyawar niyya, da ya tashi jawabi sai ya ce abin ya burge shi, kuma abin da ya fi burge shi shi ne yadda tsofaffinmu suka ilimantar da 'ya'yansu, har ga shi in ƙwaƙwalwar uba ta gaji ɗa yana kusa ya tallafe shi. Matasan da baƙi suka tafa. Ni har na ɗan sunkuyar da kai irin na wanda aka yaba. Sai da na ɗago na lura babu ko tsoho ɗaya da ya tafa.

Ana rabon abinci wani aminin mahaifina ya kama hannuna ya ja ni bayan rumfa. Tsohon kofur ne, Bamumuye daga wajen Sunkani, tare suka yi yaƙi, kuma tun ina ƙarami in ya shigo gari a gidanmu yake sauka. Baba Kofur muke ce masa. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar babu alamar wasa a fuskarsa.

Ya ce, "Tisha, lokacin da babanka ya tsaya, kai bai gani mu duka mun sunkuya kai ba?"

Na ce ban gani ba.

"To ido naka yana ina?"

Na ce a kan takarda.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan oga da kai ya kira, shi ya mutu a kan aiki, muna cikin yaƙi. Sauran duka da mu yi aiki a ƙasan su, ko an kore shi ko ya tafi da kansa, ya ba na baya tuta, ya sara, ya sauka. Shi bai ba kowa tuta ba. Babanka yana cikin waɗanda ya ɗauki akwati nashi a kafaɗa."

Ya ci gaba da yi mini bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa ɗalibin da na yanke ƙauna da shi. Tun ranar da mahaifina ya fara wannan jerin, ya ce bakinsa ba zai sa mutumin nan a layin waɗanda suka sauka ba, tunda bai sauka ba. Sai dai ya bar masa gurbinsa, ya ƙame masa kamar yadda ƙaramin soja ke ƙamewa in babba zai wuce, su ma sauran da suka ga yaƙin su sunkuyar da kai, har ya wuce, sannan a ci gaba. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a ko'ina, ba wanda ya taɓa sanar da shi a taro. Waɗanda abin ya shafa sun sani, shi ke nan.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya da biro uku a aljihu ban san inda zan sa fuskata ba.

Da muka kama hanyar gida mahaifina na gaba ina baya, kamar kullum. Tun kafin mu fita Yelwa ya ciccire lambobinsa ya zuba a aljihu. A gida ya zauna ya kwance takalmi, na zo na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, Baba Kofur ya gaya mini." Ya ce ba komai, ai taimako na yi niyya. Sai ya tambaya ko an ba tumaki ruwa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi, domin da na san inda abin ya tsaya.

Bayan mako biyu shugabannin ƙungiyar suka zauna a kan maganar. Ba a gayyace ni ba, amma na je, na nemi izini na tsaya gabansu na faɗi komai: yadda na laɓe a zaure, yadda na yanke hukunci ban tambayi kowa ba, da abin da Baba Kofur ya gaya mini. Na ce mahaifina bai manta komai ba, ni ne jahilin. Wannan ce rana ta farko da na kira kaina da wannan suna a gaban mutane, kuma ban mutu ba. Sakatare ya miƙe ya cire hula. Ya ce shi bayan yaƙi ya shiga soja, a ofis ya ƙare aikinsa, bai san wannan ba, kuma ya janye maganar takarda gaba ɗaya. Duka suka juya ga mahaifina suka ce ya yi haƙuri ya ci gaba da abinsa. Na ji wani sanyi a raina, na ce Alhamdu lillahi, an gyara.



Mahaifina ya ce, "Na gode. Amma a karanta takardar. Da, in na tsaya, waɗanda suka sani suna tare da ni, waɗanda ba su sani ba suna jira. Yanzu in na tsaya baɗi, rabin rumfa bakina za su leƙa, su ga ko tsoho ya tuna. Ba marigayin za a tsaya wa ba, ni za a tsaya kallo."

Baba Kofur ya yi ta lallashi, har da tuna masa abubuwan da suka sha tare, wani ma ya ce ai sai a yi wa jama'a bayani kafin a fara. Mahaifina ya ce abin da sai an yi shelarsa kafin a gane shi ya riga ya zama wani abu dabam. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, kuma duk wanda ya san shi ya san an rufe maganar.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa sukuni. Kuma kamar yadda ɗan Adam yake, da nadamar ta yi mini nauyi sai na fara neman wanda zan raba ta da shi. Wata rana bayan la'asar na tarar da mahaifiyata a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, na zauna na fara zuba. Na ce ni fa ban ga laifina can-can ba. Na ce da ya gaya mini tun farko da duk haka ba ta faru ba. Na ce kowane mai hankali, in ya ji mutum yana jero sunaye ya zo kan ɗaya ya yi shiru, ai mantuwa zai kawo a ransa, ba wani abu ba.

Ta bar ni har na gaji don kaina, hannunta bai daina aiki ba. Sannan ta ce, "Kai ne ɗansa na fari. Tun ranar da aka yanka maka rago, ka taɓa jin sunanka a bakinsa?"

Na ce ban taɓa ji ba.

Ta ce, "To shi ma mantawa ya yi?"

Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.  A gidajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce da kara, kowa ya sani, ni ma da shi na tashi. Ina yaro in zai aika a kira ni sai ya ce wa ƙannena su kira yayansu. In muna mu biyu, "kai" ya wadatar. Da na fara koyarwa sai ya samu sauƙi ya koma ce mini Malam. Ƙannena duka yana kiransu da sunayensu, har da tsawa in ta kama. Nawa ne kaɗai yake zagayewa, kuma ko sau ɗaya a rayuwata bai taɓa zuwa mini a rai cewa ya manta shi ba. Na san sarai matsayin da hakan ke nufi. A cikin wannan shirun aka raine ni, amma da na gamu da shi a bainar jama'a sanye da kaki sai na kasa gane shi, don ba ya cikin littafina.

Shekarar da ta biyo baya sakatare ya karanta takardar da na buga. Ya karanta ta daidai, babu tuntuɓe, duk sunayen sun fito, cikin ɗan lokaci aka gama aka hau abinci. Mahaifina na zaune a layi na biyu kusa da Baba Kofur, hannuwansa a kan gwiwa. Bai taɓa fasa zuwa taron ba har ƙarfinsa ya ƙare, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai daga wannan shekarar ban sake jin shi a garke yana maimaita sunan sabon babban hafsa ba. In rediyo ya faɗa, sai ya ji kamar kowa.

Na daɗe da yafe wa kaina kuskuren, domin shi ma ya yafe, na kuma tabbata har zuciyarsa. Abin da ban daina jin ciwonsa ba shi ne tambaya ɗaya ce kawai ta raba ni da sani, kuma girman kai ya hana ni yinta, na sa masa suna tausayi. Na ɗauka tarihin kujerar nan shi ne jerin da ke takarda, wane ya hau wane ya sauka. Ashe akwai wani a wurin mutanen da aka tura daji da umarnin masu kujerar, kuma nasu ba duka ake faɗa da baki ba. Na yi shekaru ina koyarwa bayan haka, kuma in ɗalibi ko dattijo ya tsaya a tsakiyar magana nakan danne harshena in jira, ko da amsar na ƙaiƙayi a bakina. Wani lokaci mantuwa ce da gaske. Wani lokaci kuma ba ita ba ce, kuma daga waje ba ka isa ka bambance ba.

Mahaifina ya rasu a ɗakinsa na Majidaɗi, da rana, muna kewaye da shi. A jinyarsa ta ƙarshe ya kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya sa musu albarka. Da ya zo kaina sai ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai ce komai ba. Ban taya shi ba.